Layi Uku a Kan Yashi

Shekara talatin da ɗaya, kafin mai shayi ya hura wuta, Inna Sammako ta riga ta iso dandalin unguwarmu. Tsintsiya biyu take zuwa da su, doguwa mai sanda don fili, gajera don bakin kwata da gindin bishiya. Baro a gaba, ɗankwali a ɗaure tamau, ga tsohuwar rigar aiki mai ruwan lemo da aka ba ta tun tana da ƙarfin gudu, wadda har gobe ofis ke cewa ana nan ana shirin sauya mata. Sammako ba sunanta na yanka ba ne. 'Yan unguwa ne suka laƙaba mata, ya bi ta, har jikokinta ba su san wani ba.

Ba ta fara shara da isowa. Sai ta ajiye baro, ta zagaya filin sau ɗaya, hannu a baya, ido a ƙasa, kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Sawun jiya take dubawa kafin ta goge shi. Ta san takun tela, da yake yana jan ƙafar hagu. Ta san ranar da aka yi rigakafi a asibitin unguwa, don sawun mata yakan yi yawa ta kusurwar gabas, da 'yan ƙananan sawaye masu tirjiya a gefe. In ta ce maka wane bai fito ba kwana biyu, je ka duba shi, za ka same shi a kwance. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ƙasar dandalin nan babu layin da ba ta iya karantawa.

Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Ba taro, ba takardar yabo, ko ruwan sanyi ba a saya mata ba. Wani magatakarda ne ya karɓi baro, ya duba tayarsa, ya ce ta lanƙwashe. Wannan abin haushin ne ya sa aka ɗauki alƙalami, don in ba a faɗa ba, nan da shekara biyu za a rantse cewa dandalin nan kwamiti ne ya haife shi.

A yi adalci, dandalin yana bukatar gyara. Hanya biyar ce ta haɗu a wurin, fili na ƙasa a tsakiya, ba shinge ba iyaka. Mota ta ratsa, babur ya ratsa, mai baro ya ratsa, 'yan makaranta su bi ta tsakaninsu da addu'ar iyaye. Sai da babur ya kaɗe wata mai goyo, Allah ya tsare ba a rasa rai ba, sannan aka ce za a sake fasalin wurin. Motoci su riƙa zagayawa ta gefe, tsakiya ta zama ta masu ƙafa, a sa bencina, a jera rumfunan masu sana'a. Kowa ya yi murna, har da Inna, don ita ce ta zuba ƙasa a kan jinin matar nan.

Aka kafa kwamiti. Ciyaman ɗinsa mutum ne mai son jin muryarsa, wanda in ya ce “a taƙaice” sai ka gyara zama. Zama tara suka yi. Aka ɗauko ma'aikata suka tsaya kwana uku a bakin titi suna ƙirga motoci, ƙanana da manya, har da waɗanda suka lalace a hanya. Ƙafa kuwa ba wanda ya ƙirga ko ɗaya. A kan babban zanen da suka kafe a jikin allo, tsakiyar dandalin fari ne fat, an rubuta “fili ba kowa.” Filin da mutum dubu nawa ke takawa kullum, wai ba kowa. An ji ta bakin masu shaguna, an ji ta bakin direbobi, an ji ta bakin wani da ya taɓa zuwa ƙasar waje. Inna Sammako ita ma ta halarci duk zaman tara, bayan an tashi, don ita ke kwashe robobin ruwan da suka sha.

Aiki ya kankama. Aka ɗaga filin, aka zagaye shi da dakalin siminti mai tsayi har rabin ƙwauri, don kada mota ta hau. Aka yi ƙofa huɗu, kowace a tsakiyar gefenta, kowace da matakala biyu, saboda a takarda haka ya fi kyau. Tifa ta juye yashi, aka baje shi ko'ina don a shimfiɗa bulo a kai, har ya zubo bakin titi ta wajen dakalin. Daga nan aiki ya tsaya cak. Bulo bai iso ba. Ɗan kwangila ya ce yana hanya, kuma da alama hanyar mai nisa ce, don ya fi wata yana tafe.

To, a gindin darbejiyar da ke tsakiyar filin akwai wani dattijo mai gyaran agogo, kowa Mai Agogo yake ce masa. Shekara ashirin da shida yana wurin. Shan inna ta taɓa shi tun yana yaro, don haka da keken guragu yake zuwa, mai taya uku, wanda ake murzawa da hannu, akwatin aikinsa a ɗaure a baya. Mutum ne mai tsabta da zafin kai, ga baki. Tsakaninsa da Inna ba a rabuwa ba a shiri. Ya ce tana tayar masa da ƙura tana shiga cikin agogon mutane, ta ce agogon da ƙura ke kashewa dama can mushe ne. Ya ce mace ba agogo amma ba ta taɓa makara ba, irinta ne ke kashe masa kasuwa.

Ranar da aka gama dakalin, Mai Agogo ya iso da safe ya tarar da bango a gabansa. A wurinmu taki ɗaya ne, a wurinsa katanga ce. Wasu masu jiran mota suka ce bari su taimaka, suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya, ɗaya ya ce hagu, ɗaya ya ce dama, keken ya karkace. Bai faɗi ba, amma akwatin ya buɗe, ƙananan kusoshi da allurai da gilasan agogo suka watse cikin yashi, mutane suka taru suna ta sannu. Sannun nan ta fi komai yi masa ciwo. Ya ce a sauke shi, aka sauke shi, ya juya kekensa.

“Ni ba buhun siminti ba ne,” in ji shi. “Ranar da aka yi hanya zan dawo.”

Washegari Inna ta zo da rariyar gidanta, ta tankaɗe yashin wurin kaf, ta tara masa abin da ta samu a cikin gwangwani, ta aika masa. Ya aiko a gaya mata saura kusa huɗu.

Ita takan gama dandali da ƙarfe bakwai ta wuce titin kasuwa, shi kuwa da takwas yake fitowa, don haka ba ta ganin zuwansa. Sawunsa take gani. Kowace asuba, a cikin yashin da ya zubo bakin titi ta kusurwar gabas, ga layi uku sun taho tiryan-tiryan har jikin dakali, sun tsaya, sun yi kwana, sun koma. Wato kullum sai ya zo ya duba ko an yi hanyar. Kullum ta share layukan, kullum su dawo. Ta ce tunda take shara ba ta taɓa jin nauyin tsintsiya ba sai a wannan wuri.

Ana wata ga wata. Kwamiti ya manna sanarwa a jikin darbejiyar, daidai saman teburin Mai Agogo: saboda masu neman wuri sun yi yawa, duk rumfar da ta cika kwana talatin a rufe za a ba wani. Mai shayi ne ya karanta mata. Ta lissafa da yatsu, ranar kwana tara ke nan rabon Mai Agogo da buɗe rumfarsa.

Ta sami Ciyaman a ƙofar gidansa yana shirin shiga mota.

“Ranka ya daɗe, maganar Mai Agogo ce. Ba shi da hanyar hawa.”

“Ai akwai ƙofa huɗu, Inna.”

“Da matakala.”

“To, jama'a su riƙa ɗaga shi mana. Lada ne. Mu da muke son a koyi taimakon juna.”

“In ladan kake so, ranka ya daɗe, ƙarfe takwas yake zuwa.”

Ciyaman ya yi dariyar da manya ke yi in an taka su, ya ce ta rubuto. Ta sa 'yarta ta rubuta. Ya ce a kai ofis. A ofis, mai teburin farko ya ce wannan na sashen ayyuka ne. Sashen ayyuka suka ce na sashen tsare-tsare ne. Sashen tsare-tsare suka ce mai sa hannu ya tafi kwas, amma ta jefa a akwatin shawara. Ta jefa. Masinja, da yake ya san ta, ya raɗa mata cewa makullin akwatin ya ɓata tun bara. Kwana shida ta yi tana wannan zirga-zirga bayan ta gama shara, da ƙafa, ga gwiwa mai ciwo.

Da ta ga takarda ba za ta yi ba, ta roƙi kafinta ya ba ta faffaɗan katako, ta jingina a jikin dakalin. Kafin ƙarfe takwas mai gadin ɗan kwangila ya ɗauke, wai ba ya cikin zane. Ta tara ƙasa ta yi tudu, aka kwashe, wai tana ɓata aiki. Har shugabanta na sashen tsabta ya kira ta ya ja mata kunne, ya ce saura mata 'yan watanni ta huta, kada ta ɓata rawarta da tsalle. Ta ce masa ita ba ta taɓa rawa ba balle tsalle. Ta je gidan Mai Agogo ta ce ya daure a ɗaga shi ko sau ɗaya, ya buɗe rumfa, lissafin ya koma farko. Ya ce in an ɗaga shi sau ɗaya, an ɗaga shi ke nan har ya mutu, don za su ce ai ga shi yana hawa. Ta zage shi da taurin kai, ta fito, a hanya ta yarda gaskiyarsa ce.

Kwana ashirin da biyu. A nan ne ta yi abin da ya sa ake wannan rubutu.

Ta ji cewa Injiniya, matashiyar da ta zana aikin, za ta zo duba wuri da azahar. Ran nan Inna ta fito tun kafin lokacinta, ta bi yashin filin nan da doguwar tsintsiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana tafiya da baya don kada ta bar nata sawun. Ba shara take ba, lailaya take. Ta goge duk wani taku, ta bar filin sumul kamar sabuwar tabarma, ta haɗa har da yashin bakin titi. Sannan ta je ta yi titin kasuwa, ta dawo ta zauna a bencin mai shayi. Unguwa ta tashi ta yi ta harkarta, ba wanda ya san rubutu yake yi.

Da Injiniya ta iso ta buɗe ƙofar mota, sai ta ga sandar tsintsiya a gicciye a gabanta.

“'Yata, ki ba ni minti goma.”

“Inna, sauri nake. In ƙorafi ne, akwai akwatin…”

“Na san shi, mun gaisa. Zo mu hau benen tela.”

Wataƙila kunyar furfura ta ji, wataƙila ta tsintsiyar. Ta dai bi ta. Benen tela hawa biyu ne, Inna ta hau shi tana hutawa a kowace matakala ta biyar. Da suka fito baranda ta ce, “Duba ƙasa.”

Injiniya ta duba. Filin da aka rubuta wa “ba kowa” ga shi nan cike da hanyoyi, kowace ta fito raɗau a kan yashi. Wata babba ta taso daga kusurwar gabas ta ratsa a karkace zuwa tashar mota. Wata ta fito daga lungun makaranta ta nufi famfo. Wata siririya ta bi inuwar shaguna ta zagaya. Duk ta kusurwoyi suka shigo, inda mutane ke ɗaga ƙafa su haye dakali. Ƙofofin nan huɗu masu matakala, uku ba wanda ya taka su, ta huɗun kuma akuya ce ta taka.

Inna ta riƙa nunawa da sanda. “Waccan ta masu zuwa asibiti ce, kin ga takun gajere ne, masu ciki ne da tsofaffi. Waccan ta 'yan makaranta ce, ba sa tafiya a miƙe. Inda kika ga yashi ya tumurmushe, nan ake tsayawa a jira mota ta wuce kafin a tsallaka. Farin zanenku na tsallaka titi kuma kun kai shi can, inda ba mai tsallakawa sai wanda ya ɓata.”

“Amma mun yi ƙirga,” in ji Injiniya a hankali. “Kwana uku muka yi.”

“Kun ƙirga masu taya huɗu. Sauko in nuna miki mai uku.”

Suka sauko, ta kai ta kusurwar gabas ta wajen dakali. Layi uku, sun zo, sun tsaya, sun koma. Ta gaya mata ko na wane ne, da shekarunsa a gindin bishiya, da sanarwar da aka manna, da kwanakin da suka rage. Injiniya ta tsuguna a wurin da takalminta mai tsada, ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa. Ta ce an koya musu wannan a makaranta, har jarrabawa ta ci a kai, kuma a zanenta na farko akwai gangara, aka ce tana ɓata siffar dandalin, ita kuma ba ta yi gardama ba.

“To yanzu sai ki yi,” in ji Inna.

“Mutum bakwai suka sa hannu a zanen nan, Inna.”

“Su bakwai ɗin akwai wanda ya taɓa ratsa filin nan da ƙafa?”

Injiniya ta koma benen ita kaɗai ta ɗauki hotuna. Ta tambayi faɗin keken, ta ce bari ta aika a auno. Inna ta miƙa mata sandar tsintsiya, ta nuna mata tsaga biyu da ta yi da wuƙa. Tun kwana na goma ta auna daga sawun.

A faɗi gaskiya, yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Kwana biyu ta sake zane. Ta mayar da mashigai kusurwoyi, ta sa gangara a kowace, ta matso da zanen tsallaka titi inda yashi ya tumurmushe, ta jera bencina a bakin hanyar masu zuwa asibiti. Kwamiti kuwa sai da ya yi zama uku a kai. Ciyaman ya ce in an kalli sabon zanen daga sama bai daidaita ba. Injiniya ta ce masu kallo daga sama tsuntsaye ne, kuma ba su kawo ƙorafi ba. Wannan magana ba a makaranta ta koyo ta ba, mun san inda ta samo ta. Da ta baza hotunan a tebur, wani ɗan kwamiti ya ce lallai wannan binciken zamani ne, wane kamfani aka ba? Aka amince da gangara ɗaya tukuna, ta gabas, sauran sai bulo ya iso. Ranar kwana ashirin da bakwai aka fasa dakali, aka zuba siminti, magini ya ce a ba shi kwana biyu ya bushe.

Ranar kwana talatin, ranar da magatakardan kwamiti zai zagaya da rajista da ƙarfe tara, Inna ta iso da asuba ta tarar da gangara ta bushe, ta yi kyau. A samanta kuma, daidai tsakiya, an girke wata ƙatuwar tukunyar fulawa ta siminti, wadda ƙarti biyu ba sa iya motsawa. Ciyaman ne ya sa a ajiye da yammacin jiya, wai kada masu babur su samu hanyar hawa. An yi wa mutum ƙofa, an toshe ta don kada ɓarawo ya shiga. Mai shayi ya ce bai taɓa jin Inna ta yi ashar ba, kuma ran nan ma ba ta yi ba, amma ya ga leɓenta yana motsi.

Ba ta je gidan kowa ba, ba ta nemi takarda ba. Titin kasuwa ta nufa, inda masu baro ke jiran lodi. Su ma wata guda ke nan suna zagaye dandali da kaya saboda dakalin nan. Ta ce, “'Ya'yana, ku zo ku ga hanyarku da aka shuka wa fulawa.” Mutum shida suka biyo ta. Mai gadi ya taso yana cewa umarni ne daga sama, ta ce ya je ya kira saman. Kafin ya dawo da Ciyaman, an mirgina tukunyar gefe, Inna tana gwada faɗin wurin da sandar tsintsiya, tsaga zuwa tsaga.

Ciyaman ya iso yana huci. “Inna, in babur ya hau ya kaɗe wani, ke za ki amsa?”

Tambayar tana da kai, kuma Inna ba ta raina ta ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, babur ya fi keken nan siranta. Duk abin da zai hana babur zai hana shi. Tukunya ba ta da ido. Ka matso da teburin Mai Agogo nan bakin gangara, har yanzu inuwar bishiya na kaiwa. In akwai mai babur ɗin da zai iya wuce bakin mutumin nan, ni ban haife shi ba, ban kuma san uwarsa ba.”

Masu baro suka tuntsire da dariya. Ciyaman ya duba fuskoki, ya ga ba nasa, ya ce dama abin da yake shirin ba da shawara ke nan.

Takwas saura kaɗan sai ga keken ya ɓullo daga lungu. Mai Agogo ya zo kamar kullum, don ya duba ya koma. Ya tsaya a gindin gangara. Wani ya miƙa hannu zai tura shi, Inna ta tare hannun da tsintsiya. Dattijon ya gyara hula, ya kama mariƙin, ya murza. Keken ya hau a hankali, ya ɗan tsaya a tsakiya har mutane suka riƙe numfashi, ya sake murzawa, ya hau. Yashin sama ya so riƙe tayar, amma taki uku ne zuwa teburin da aka matso masa. Ya kwance akwati, ya shimfiɗa ƙyallensa, ya jera agogo. Da magatakarda ya iso da rajista, ya tarar da shi da gilashi a ido yana aiki, sai ya yi masa maki ya wuce.

Inna tana tsaye a gefe, ta riga ta makara da titin kasuwa, karo na farko a shekara talatin da ɗaya. Mai Agogo bai ɗago ba. Ya ce, “Sharar yau ba ta yi kyau ba.”

“Agogonka ma gudu yake,” in ji ta. Ta juya da sauri ta tura baro, don kada ya ga fuskarta.

Bulo ya iso daga baya, aka shimfiɗa, aka yi sauran gangarorin, aka yi bikin buɗewa. Yau mota na zagayawa ta gefe, mai ciki na samun bencin hutawa a inda take gajiya, 'yan makaranta na tsallakawa a inda dama suke tsallakawa. Babur biyu ne suka taɓa gwada gangarar gabas, kuma har yanzu masu su ba sa son a tuna musu abin da suka ji. An kafa allon dutse mai suna goma sha huɗu, har da na wanda ya tafi kwas. Injiniya ta nemi a sa na Inna ya zama na goma sha biyar, aka ce ba wuri. Inna ta share dandali kafin biki, ta share bayan biki.

Inna Sammako, ke ce kika ƙirga mu lokacin da aka ce ba kowa. Ke ce kika hau bene da gwiwa mai ciwo don mutumin da bai taɓa ce miki sannu da aiki ba. Mai goge sawun jiya don na yau ya samu wuri, ba ki da kujera a kwamiti, amma duk wanda ya ratsa dandalin nan ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, a kan zanenki yake tafiya. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa 'ya'ya da jikoki su yi miki abin da ofis bai yi ba. Ku kuma masu zane da masu sa hannu, ba a ce ku ajiye takarda ku ɗauki tsintsiya ba. Kafin ku rubuta “ba kowa” a kan wani wuri, ku nemi wanda ke share shi ku tambaya, ku kuma zauna ku ji amsar. Mu sauran jama'a, mu riƙa duba ƙasa, mu lura da wanda ya zo ya koma.

Ita dai ba ta gode wa kowa a kan bulon nan ba. Ta ce mun mayar da ita jahila, ƙasa ba ta magana yanzu, ko giwa ce ta wuce ba za ka sani ba. Sabuwar mai sharar da aka kawo, mace mai ƙwazo, ta yi mako biyu tana mita cewa wani mara aikin yi yana zuba mata yashi a gindin gangarar gabas. Kullum ta share, kullum ta tarar. Rannan ta yi sammako ta laɓe a bayan rumfar mai shayi don ta kama shi. Sai ga Inna, ba riga mai ruwan lemo, ba baro, ta kwance bakin zane, ta zuba yashi cikin tafin hannu biyu, ta baje shi da gefen takalmi. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya ba ta bar ƙwayar ƙasa a inda bai kamata ba.

“Inna, ashe ke ce? Me ya yi zafi?”

“Ki bar min shi zuwa ƙarfe tara, 'yata. In na dawo daga kai jika makaranta na gani, sai ki share.”

“Ki ga me?”

“Mutumin nan ya tsufa, ga taurin kai. In ba shi da lafiya ba zai aiko ba, ni kuma ba zan je teburinsa ya ce na zo tayar masa da ƙura ba.”

Sabuwar mai shara ta bar yashin. Da ƙarfe tara Inna ta dawo, hannu a baya, ido a ƙasa. Layi uku ne, sun hau, ba su juyo ba. Ta gyaɗa kai, ta ce a share, ta wuce gida.